Agadas da Gidan Sidi Ka

Agadas birni ne a bakin hamada, kudu da duwatsun Abzin, a Jamhuriyar Nijar. Tun ƙarni na 15 Sarkin Abzin ya kafa fadarsa a nan, ƙabilun Buzaye suka sauka kewaye da shi, masaukan nasu kuma suka zama unguwanni 11 na tsohon gari. Matafiyi kan hango hasumiyar babban masallaci tun daga nesa, ginin ƙasa zalla mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, aka sabunta a 1844. Sarauta ta Abzinawa ce, amma harshen kasuwa da na zaure Hausa ne.

Fatauci ne ya raya garin. Ayarin raƙuma kan ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma da Faci, ya gangara Damagaram da Katsina da Kano, ya juyo da gero da fatu da turkuɗin Kura. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a nan a 1850, ɗakin da ya kwana kuwa yana nan har yau.

Cikin lungunan tsohon garin ne gidan attajiri Sidi Ka yake, wanda ake kira Gidan Mai Burodi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to wannan gida bai bi karin maganar ba. Daga waje jan bango ne irin na maƙwabta, ba abin da zai tsayar da mai wucewa. Sai an shiga an hau bene ido yake raina fata. Magina sun zana bangon ɗaki tun ƙasa tana ɗanya, sun fito da zane mai tudu da kwari, layi na bin layi, ga alkuki nan da can don ajiye fitila da kayan ƙawa. Adon ya haɗa hannun Hausa da na Abzinawa da na Larabawan arewa, kamar dai yadda kayan waɗannan ƙasashe ke haɗuwa a kasuwar garin.

Kayan aikin duk na gida ne. Maginan Agadas da tubalin hannu suke ɗora bango, mai faɗin gindi da tsinin kai, su shanya shi a rana, su jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Dogon itace yana wuya a hamada, shi ya sa suke rufi da guntayen azarar goriba, idan kuma ɗaki ya yi faɗi sai su ɗaure shi da bakan gizo, dabarar da maginan Zariya da Kano suka yi suna a kanta. Kaurin bango yana tare zafin rana, da dare kuma ya saki ɗumi lokacin hunturu.

Shekarar ginin gidan Sidi Ka ita ce abin lura, 1917. A watan Disamba na 1916 jagoran Buzaye Kawusan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. A watan Maris na 1917 sojojin Faransawa suka taso daga Damagaram suka karya ƙawanyar, suka kashe malamai da dama, jama'a suka watse. Kafin nan ma jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, hajar da ke ratsa hamada zuwa Tarabulus ta koma bin hanyar Ikko.  Ke nan lokacin da arziki ke komawa bakin layin dogo, wani attajiri ya zuba nasa a jikin bangon ƙasa.

Gidan ya fito a fim ɗin The Sheltering Sky na Bernardo Bertolucci a 1990, a 2013 kuma UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai takarda ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina, a share indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama. Muddin akwai magini a Agadas da ya gaji wannan hannu, gidan Sidi Ka zai ci gaba da karɓar baƙi.