Waliyyin Ingila Bai Taɓa Taka Ingila Ba

Yau za mu leƙa tarihin Kiristanci, kan wata al'ada da ta daɗe: ƙasa ta ɗauki waliyyi guda ta ce shi ne majiɓincinta, mai yi mata roƙo wurin Allah. Tambayata ita ce, wa yake zaɓar waliyyin, kuma don me?

Mu fara da Ingila. Kun san tutar nan fara mai jan gicciye da ake ɗagawa idan Ingila na buga ƙwallo? Tutar Waliyyi George ce. To George ba Bature ba ne. Ruwayar coci ta ce sojan Rum ne, asalinsa Kapadokiya, cikin Turkiyya ta yau, kuma an kashe shi a 303 zamanin Sarki Diocletian saboda ya ƙi barin addininsa. Kabarin da ake dangantawa da shi yana garin Lidda na Falasɗinu, wanda yau ake kira Lod. Har gobe akwai Musulmin yankin da ke haɗa shi da Khidir, suna ziyartar wurarensa tare da Kirista.

To ta yaya ya zama na Ingila? Yaƙi ne ya kawo shi. Kafin shi Ingilawa suna da nasu na gida, Sarki Edmund da Sarki Edward mai tsoron Allah. Amma mayaƙan da suka dawo daga yaƙin gicciye sun ƙara yaɗa labarin waliyyi soja a kan doki. Sarki Edward na Uku, wanda ke fafatawa da Faransa, ya kafa ƙungiyar jarumansa a 1348 ya sa ta ƙarƙashin George. Bayan nasarar Agincourt a 1415 aka ɗaga ranarsa, 23 ga Afrilu, ta shiga sahun manyan bukukuwa. Sarkin da ke neman mayaƙa, waliyyi mai mashi yake so.

Abin mamaki, Habasha ma da shi take taƙama. A ranar 1 ga Maris 1896, a yaƙin Adwa, rundunar Menelik na Biyu ta fita da allon tsarki na George, wanda suke kira tabot, ta kuma murƙushe Italiya. Don godiya aka gina masa babban coci a Addis Ababa, inda aka naɗa Haile Selassie a 1930. Waliyyi ɗaya, ya yi wa masu mulkin mallaka aiki, ya yi wa masu korarsu.

Ita kanta fadar Fafaroma ta ga abin na neman wuce gona da iri. A 1630 Fafaroma Urban na Takwas ya kafa doka: jama'a da limamansu su zaɓa, sannan Rum ta amince. Duk da haka siyasa ba ta fita ba. Joan ta Arc, wadda kotun coci ta yanke wa hukunci aka ƙone ta a 1431, sai a 1920 aka ayyana ta waliyyiya, a 1922 kuma ta shiga cikin majiɓintan Faransa, lokacin da ƙasar ke jinyar raunin yaƙin duniya na farko.

Mu ma abin ya taɓa mu. A 1961 aka ayyana Waliyyi Patrick na Ayalan a matsayin majiɓincin Najeriya wurin mabiya Katolika, domin limaman mishan da yawa 'yan can ne. Shi kansa Patrick ɗan Birtaniya ne da aka sace aka kai Ayalan bauta.

Don haka idan kun ga masu ƙyamar baƙi a Ingila suna ɗaga tutar George, ku tuna tutar baƙo ce daga Gabas ta Tsakiya. Duk alamar da aka ce muku ta ƙasa ce, ku tambayi wanda ya zaɓe ta da abin da yake nema a lokacin. Sai mun haɗu a shiri na gaba.