Rajista da Rabon Ruwa a Gandun Noman Rani na Ƙonni

Gandun noman rani na Birnin Ƙonni, a jihar Tawa, yana cikin manyan ayyukan ban ruwa da Nijar ta gina bayan farin farkon shekarun 1970. An yi shi kashi biyu tsakanin 1976 da 1982, zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma faɗinsa ya haura hekta 2,400. Ba kogi mai gudu duk shekara ke shayar da shi ba. Koramar Magiya da damina kaɗai take kawo ruwa, sai aka tare ta da baraji biyu, na Mozage da na Zango. Daga can babban kanal ke ɗauko ruwan zuwa matarar Cerasa, kafin a rarraba shi cikin gonaki. Abin da aka tara da damina shi ne jarin shekara, ba mai ƙara masa ko guga sai wata daminar.

Dukiyar da ke da iyaka, masu buƙatarta kuma dubbai, ba ta rabuwa da baki. Tun farko aikin ya dogara ga rubutu. Ƙasar gandun ta gwamnati ce. Manomi izinin noma ake ba shi bisa sharaɗi. Ana shigar da sunansa a rajista tare da lambar gonarsa da rukunin manoman da ya faɗa ciki, kuma wannan layi guda shi ke ba shi haƙƙin ruwa, shi ke ɗora masa kuɗin ruwa bayan girbi. Hukumar ONAHA mai kula da gandayen ban ruwa, wadda aka kafa a 1978, ita ta fara riƙe ragamar. Bayan taron ƙasa na Damagaram a 1982 kan raya karkara, aka miƙa gudanarwa ga koperatif na manoma, ONAHA ta koma ga ba da shawara da kula da manyan gine-gine.

Iko a gandun hawa-hawa yake. Magatakardan koperatif na da littafi mai layi-layi: suna, lamba, bashin taki da iri, abin da aka biya, abin da ya rage. Mai kula da ruwa na da makullin ƙofar kanal, yana buɗe wa kowane rukuni a ranarsa. Manomi kuwa bakin gonarsa kaɗai yake da ikon buɗewa, ya ture ƙasa da fartanya ruwa ya shiga fangalin albasa ko alkama, ya toshe idan lokacinsa ya cika. Tambayoyin da wannan tsari ke amsawa ke nan: wa ke da suna a tsarin, me aka yarje masa ya taɓa, nawa ne kasonsa, yaushe za a soke sunan wanda ya tafi.

A wannan tambaya ta ƙarshe aka fi samun rauni. Shekaru na tafiya, masu gonakin farko suka tsufa, wasu suka rasu, magada suka raba gona ɗaya gida uku ko huɗu. Wasu suka ba da aro ko jingina, wasu suka sayar a ɓoye duk da doka ba ta yarda ba. Littafi bai bi sawun wannan canji ba, sai ya zama sunan mamaci ke kan takarda, wani daban ke noma. Karɓar kuɗin ruwa ta yi wuya, gyaran kanal ya ja baya, laka kuma ta ci gaba da cike barajin har filin da ake iya shayarwa da rani ya ragu ƙwarai. An fi ɗora laifin kan laka, amma rajistar da ta rabu da gaskiyar gona ta yi ɓarna daidai gwargwado, kuma na ƙarshen kanal su suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu rubuta haƙƙin ƙasa. Babban gyara ya zo da yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016, ta dala miliyan 437, wadda farfaɗo da gandun Ƙonni na cikin manyan ayyukanta. Ban da sake gina kanal, an ƙidaya gonaki da waɗanda ke noma su a zahiri, an kuma ware sha'anin ruwa daga na koperatif, aka damƙa shi ga ƙungiyar masu amfani da ruwan, don kada kuɗin gyara ya narke cikin bashin taki. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 Amurka ta dakatar da tallafin MCC ga Nijar.

Rabon ruwan bai tsaya a bakin iyakar Nijar ba. Magiya na gangarawa cikin Najeriya har tafkin Kalmalo, kusa da Illela ta jihar Sakkwato, kuma tana cikin ruwayen da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta tanadi ƙasashen biyu su raba bisa adalci.