Jita Mai Jikin Ƙarfe da Garayar Maharba

Garin Gaya, wanda ya ke gabas da birnin Kano, tsohon gari ne ƙwarai, sunansa kuwa ba ya rabuwa da ƙira. Masu tarihi sun ce daga can ne maƙeran da a ke kira Abagayawa suka taso suka zauna gindin dutsen Dala don neman tama. Saboda haka mutanen wannan jiha, har da maƙwabtansu na Ajingi, ba baƙi ba ne wajen rarrabe ƙarfe mai daraja da na banza. To, akwai wani abin kiɗa wanda labarinsa ya haɗa sana'ar maƙeri da ta makaɗi, watau jita mai jikin ƙarfe ta ƙasar Amurka.

Kowa ya san garaya ya san tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Sai an ɗora ta bisa jaki, jakin ya zauna bisa fatar gada ko ta akuya da aka ɗaure a bakin ƙwacciyar icce, sa'an nan amo ya fito. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi aka yi jikin kuntiginsa, ya kuwa cika ƙasa da shi.

Makaɗan Amurka sun sha wahalar ƙarancin murya, domin ƙaho da ganga su kan danne jita a wurin taro, ga shi a zamanin ba a fara sa mata lantarki ba. Sai wani makaɗi, George Beauchamp, ya kai kukansa wurin John Dopyera, wani gwanin gyaran kayan kiɗa a birnin Los Angeles, wanda iyayensa suka zo da shi daga Sulobakiya a 1908. Dopyera ya ƙera faya-fayai uku na alminiyam, marasa kauri, masu tsini kamar malafa, ya jera su cikin jita, ya ɗora jaki a kansu. Aikin da fata ta ke yi wa garaya, shi faya-fayan nan su ke yi. A 1927 kamfanin National ya fara sayar da ita.

Ba a daɗe ba saɓani ya shiga tsakaninsu. Dopyera ya fita, shi da 'yan'uwansa suka kafa kamfanin Dobro, suka yi tasu mai faifai ɗaya a birkice, da jaki mai ƙafa takwas kamar gizo-gizo, jikinta kuwa galibi na katako ne. National su ma suka fito da masu faifai ɗaya masu rahusa. A wancan zamani mai faifai uku kuɗinta daga dala 125 ne har 195, alhali kuwa wadda a ke kira Duolian dala 32 da rabi ce. Ita ce talakawan mawaƙa baƙar fata suka fi samu. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu a 1941, aka karkatar da ƙarafa wajen kayan yaƙi, ƙirar ta tsaya. Wannan shi ya sa waɗanda aka yi kafin yaƙi suka zama abin nema.

In irin wannan jita ta faɗo hannun mutum, abu huɗu dillalanta su kan duba. Na farko ƙarfen jiki. Sai a kawo maganaɗisu a manna: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, watau masu rahusa, in bai kama ba, tagulla ce ko kuwa azurfar Jamus, wadda gaurayen jan ƙarfe ce da nikel da tutiya, babu azurfa a ciki ko ƙwaya. Na biyu zane. A cikin masu faifai uku, ta ɗaya ba ta da ado, sauran uku kuwa kowace da irin furen da aka sassaƙa mata, kuɗi yana hawa gwargwadon yawan aikin. Na uku lamba, wadda a kan buga a ƙarshen wuya ko a gindin jiki, da ita a ke gane shekarar ƙira. Na huɗu wuya. Mai kusurwa huɗu bisa cinya a ke kwantar da ita a kaɗa, mai kewayayyen wuya kuwa a ƙirji a ke riƙe ta, a cikin masu faifai uku ita ta fi wuyar samu, ta fi tsada.

Amma fa sai an yi hattara. Tun a zamanin can an yi waɗansu na jabu, da murfin ƙarfe mai sheƙi a waje, ciki babu faifai ko ɗaya. Har wa yau tun 1989 wani sabon kamfani mai suna National Reso-Phonic ya ke ƙera sababbi bisa kamannin na dā. Kyawawa ne, amma ba tsofaffi ba ne. Wani abin mamaki kuma, wanda ya goge tsohuwar jita ya sāke mata fenti don ta yi kyau, ya rage mata kuɗi ne bai sani ba, domin masu saye sun fi son ta da tsufanta da faya-fayanta na asali. Wadda ta tsira lafiya ta kan kai dubban daloli.

Wannan ma'auni bai tsaya ga jitar Amurka kaɗai ba. A ƙasar Hausa garaya kiɗan maharba ce da 'yan bori, gurmi na 'yan kokawa, ga kuma molo da kukuma da goge. In mai su ya mutu, sau da yawa sai a rataye su a zaure, gara ta ci icen, ɓera ya ci fatar, ƙarfen da ke kan wuya kuwa yara su kai wa 'yan gwangwan a auna a kan sikeli. Garaya ba ta da lamba kamar jita. Lambarta tana bakin tsofaffi: wa ya sassaƙa ta, da wane icce, wa ya kaɗa ta, a wace farauta, taken wa a ke yi da ita. Ran da tsohon da ya san wannan ya kwanta dama, garayar ta koma icce da fata, ko dillali ya zo ba abin da za a gaya masa.

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ya kamata duk magajin da ya tarar da tsohon abin kiɗa a gidansu, a Gaya ne ko Ajingi ko wani wuri, kada ya yi gaggawar gogewa ko sāke fata ko sayarwa. Ya tara dattawan gida tukuna ya rubuta abin da suka sani, ya ajiye takardar tare da kayan a wuri busasshe, in ya ga hali ya nemi shawarar masana a gidan tarihi na Gidan Makama a Kano. Bayan wannan, in ya sayar ya san abin da ya sayar, in ya riƙe kuwa 'ya'yansa sun san abin da suka gada.