Wanda Kokwanto Ya Aure Shi: Tarihin Ciwon Waswasi da Maganinsa

Kusan kowace unguwa akwai shi: mutumin da zai tsuguna alwala tun kiran salla, har a tayar da iƙama yana wanke hannu, buta ta ƙare ya sake cikowa. Ko matar da za ta tashi sau goma cikin dare ta duba ƙofa, alhali ta san ta kulle. Wasu su yi dariya, wasu su ce aljanu ne. Likitoci kuwa, idan abin ya kai ga cinye wa mutum sa'o'i a rana, suna kiransa OCD, kuma yana kama kimanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100.

Ƙafa biyu gare shi. Ta farko tunani ne mai faɗowa ba sallama: hannuna da najasa, ban kulle ba, na yi saɓo a zuciya. Ta biyu aikin da ake yi don a kashe fargabar: wanki, dubawa, maimaitawa, tambayar mutane. Ni da sana'ata rubuta manhaja ce, abin yana tuna mini da kuskuren da muka fi tsoro: ka umarci kwamfuta ta ci gaba da dubawa har ta tabbatar, amma ka manta ka gaya mata mene ne tabbas. Haka za ta yi ta zagaye har waya ta ɗau zafi.

Ciwon ba sabo ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, ɗalibin al-Kindi, wanda ya rasu a 934, ya ware masa babi a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai. Ya ɗauke shi a matsayin rashin lafiya, ya kuma gargaɗi mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza. A Ƙairawan kuma, Ibn Abi Zaid, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 996, ya yi maganar wanda shakka ta yawaita gare shi a salla, wanda malamanmu ke fassarawa da "kokwanto ya aure shi". Hukuncinsa shi ne ya kau da kai daga shakkar, kada ya koma gyara, ya yi sujada bayan sallama kawai. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A Turai ma a wurin ibada aka fara ganinsa. A 1691 wani bishop a Ingila, John Moore, ya yi wa'azi kan masu tsoron Allah da munanan tunani ke addabarsu a coci, ya lura cewa ƙoƙarin danne tunanin ƙara masa ƙarfi yake yi. Daga nan zance ya koma hannun likitoci. Esquirol a Faransa ya bayyana shi a 1838, Westphal a Jamus a 1877. A 1909 Sigmund Freud ya wallafa labarin wani matashi mai ciwon, ya ce tushensa rikici ne da ke binne tun ƙuruciya, sai an tono shi da doguwar hira. Shekaru kusan hamsin aka yi ana tono, warakar kuwa kaɗan ce. Wasu marasa lafiyar har tiyatar ƙwaƙwalwa aka yi musu. Aka wayi gari ana ɗaukar ciwon a matsayin wanda ba ya jin magani.

Sauyi ya zo a 1966, a asibitin Middlesex da ke Landan. Victor Meyer, masanin halayyar ɗan Adam, ya gwada wata hanya a kan mata biyu. Bai tsaya neman tushen tunanin ba. Ya sa su fuskanci abin da suke tsoro, ma'aikatan jinya kuma suka tsaya a kansu don kada su yi aikin da suka saba. Fargaba ta hau, ta daɗe, sannan ta sauka da kanta, masifar da ake jira kuma ba ta zo ba. Duka biyun suka sami sauƙi. Daga baya Stanley Rachman da Isaac Marks a Landan, da Edna Foa a Amurka, suka gyara hanyar ta zama mataki-mataki, da yardar mara lafiya. A 1978 Rachman da de Silva suka nuna cewa mafi yawan masu lafiya ma irin waɗannan tunane-tunane na faɗo musu. Bambancin kawai, su ba sa tsayawa ba su amsa.

Magani na sha ya biyo baya. A ƙarshen shekarun 1960 likitoci a Sifen suka lura cewa clomipramine na rage ciwon, Amurka ta amince da shi a 1989, sannan irin su fluoxetine da sertraline suka shigo. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu, kuma likita ne ke rubuta su.

Yanzu a koma ga Risala. Tsakaninta da Meyer akwai kusan shekara dubu, amma a wuri ɗaya suka tsaya: kada ka koma ka gyara. Sai dai faɗa da baki ba ya isar wanda ciwon ya yi wa katutu, yana buƙatar ƙwararren da zai raka shi. Mu kuma 'yan uwa, duk lokacin da muka amsa masa "e, ka wanke" karo na ashirin, ciwon muke ciyarwa. Wanda ke fama da buta ba raunin imani gare shi ba. A daina yi masa dariya, a kai shi asibiti.