Ma'auni Biyu: Karɓar Sabon Kiɗa Daga Zamanin Sifawa Zuwa Na Gambarar Zamani

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, zai ji irin kiɗan da ke tashi a wayoyin samari a tasha da rumfunan caji. Kiɗa ne mai nauyin ganga, mawaƙin yana jero magana da sauri kamar ɗan gambara, shi ya sa ma aka laƙaba masa gambarar zamani. Manya suna tir da shi, yara kuwa sun haddace shi. Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna cewa wannan saɓani tsoho ne a ƙasar nan, kuma mu ɗaliban Hausa muna da laifi a cikinsa idan muka tsaya kallo.

Bari mu fara da Boɗinga kanta. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A wannan zamani an yi muhawara ta ilmi tsakanin 'yan'uwan biyu, kuma kiɗa yana cikin abubuwan da suka tattauna. Malam Abdullahi ya tsananta. A cikin Tazyinul Waraƙati ya koka da yadda wasu jama'arsu suka karkata ga kaɗe-kaɗe da bushe-bushe da ado bayan an sami nasara. Shi kuwa Shehu, a cikin Najmul Ikhwani, ya sassauta a wasu wurare, yana jan hankali ga saɓanin malamai a kan mas'alar. Abin lura shi ne, ba waƙa suka ƙi ba, domin su da kansu sun yi wa'azi da ita cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Gardamar tana kan abin kiɗa ne da kuma abin da ake faɗa da shi.

Daga nan ma'auni ya rabu biyu. Rubutacciyar waƙa ta sami gindin zama wurin malamai, daga baya kuma ta shiga makarantun boko. Alal misali, Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da tarihi da labarin ƙasa, aka buga ta, ɗalibai suka karanta ta a aji. Makaɗi kuwa sai aka bar shi a matsayin maroƙi. Amma talakawa da sarakuna ba su bi wannan hukunci ba. Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa, Salihu Jankiɗi ya yi a fadar Sarkin Musulmi, Ɗan'anace ya wasa 'yan dambe, har Gambu ya yi suna da waƙar ɓarayi, jama'a suna tururuwar saurarensa duk da ƙyamar da ake yi wa jigonsa.

To, yaushe masana suka waiwayi waɗannan mutane? Sai da rana ta yi nisa. A 1975 ne Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa. Littattafan Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa da Gambu sun zo ne bayan masu saurare sun daɗe da yanke nasu hukunci. Narambaɗa ma ya riga mu gidan gaskiya tun kafin a fara koyar da waƙoƙinsa a jami'a, abin da ya rage mana shi ne ɗan abin da gidajen rediyo suka ɗauka.

Yanzu mu dawo ga kiɗan samarin nan. Asalinsa daga baƙaƙen Amurka ne, a birnin Niyok, cikin shekarun 1970. Wani reshensa da ake kira tiraf ya tsiro a Atalanta, sunan kuwa na gidan da ake sayar da ƙwaya ne a ɓoye. Faifan mawaƙi T.I. mai suna Trap Muzik na 2003 ya taimaka wajen yaɗa sunan. Wato dai kamar Gambu, jigon na bayan fage ne, kuma a can ma an zargi mawaƙan da ƙawata ɓarna alhali faifansu yana ta ciniki.

A ƙasar Hausa, babban misalin wannan rikici ya faru ne a Kano. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, ta ƙara tsanani daga 2007 ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, wadda ta soki takurawar da ake yi wa masu fasaha. Haramcin bai kashe ta ba, sai ma ya zame mata talla, domin samari sun riƙa tura wa juna ita daga waya zuwa waya. Da ya fitar da faifansa This Is Me a 2010, ta intanet ya sake shi. Hukuma ta auna da ma'aunin tarbiyya, masoya suka auna da ma'aunin gaskiyar abin da ke damunsu. Masana ƙalilan ne, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Carmen McCain, suka tsaya suka saurara da kunnen nazari. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, mawaƙa irin su ClassiQ da Morell da DJ AB suka shiga gidajen mutane ta talabijin, amon tiraf kuma ya riƙa bayyana a kiɗan matasa.

Ba ina cewa duk abin da samari suke so nagari ba ne. Akwai batsa da zagi da kwaikwayo maras kan gado a ciki, kuma haƙƙin iyaye da malamai ne su tsawata. Amma tsawatarwa daban, nazari daban. Malam Abdullahi da Shehu sun yi saɓani ne da hujja, a rubuce, shi ya sa bayan shekara fiye da 200 muke iya karanta ra'ayin kowannensu. Mu kuwa me za mu bar wa na baya? Waƙoƙin nan a katin waya suke zaune, ranar da katin ya lalace sun tafi ke nan, tare da karin maganarsu da habaicinsu da sarar wannan zamani.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, da mu tattara waɗannan waƙoƙi, mu rubuta matanin su, mu auna salonsu da na gambara da na 'yan kama, mu kuma ji ta bakin masu saurarensu a Boɗinga da Shagari da sauran garuruwanmu. Wanda ya ga aibu ya faɗa da dalili, wanda ya ga fasaha ya nuna ta. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.