Alamar Nazi a Gaban Alƙali

A watan Agustan 2017 'yan sandan Berlin suka kama wasu 'yan yawon buɗe ido biyu daga ƙasar Sin a gaban majalisar dokokin Jamus, don sun miƙe hannu irin gaisuwar Hitler suna ɗaukar hoto. Ba su zagi kowa ba, ba su taɓa kowa ba. Amma sashe na 86a na kundin laifukan ƙasar ya hau kansu, wanda ya tanadi tara ko ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 3 ga duk wanda ya fito da tuta, tambari ko gaisuwar haramtacciyar ƙungiya a bainar jama'a.

Amurka ta bi wata hanya dabam. A shari'ar garin Skokie ta 1977 zuwa 1978, kotunanta sun tabbatar wa 'yan Nazi 'yancin yin jerin gwano a garin da Yahudawa da yawa waɗanda suka tsira daga kisan kiyashi ke zaune. Hujjar ita ce, gwamnatin da aka sakar wa mara ta hana alama yau, gobe baki za ta rufe. Wasu kuma na cewa doka ba ta wanke zuciya, ga shi masu aƙidar sun koma rubuta 88, wato HH, a madadin gaisuwar Hitler, tunda H ne harafi na takwas a haruffan Jamusanci.

Hujjojin na da nauyi, sai dai ban gamsu ba. Dokar Jamus ba wankin zuciya ta zo yi ba, titi ta zo tsarewa. Wanda ya ɗaga suwastika, tambarin Nazi, a ƙofar wurin ibadar Yahudawa ba muhawara yake nema ba. Tuna musu yake da mutum miliyan 6 da aka hallaka, yana kuma nuna cewa da sauran rina a kaba. Ita kanta Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a 2003 cewa jiha na iya haramta ƙona gicciye idan da niyyar tsoratarwa aka yi.

Inda dokar ke tuntuɓe shi ne idan alƙali ya dubi zane ya manta da ma'ana. A 2006 wata kotu a birnin Stuttgart na Jamus ta ci tarar wani ɗan kasuwa Yuro 3,600 don ya sayar da bajoji da riguna masu suwastika da aka soke da layi, wato kayan masu yaƙi da Nazi. Abin takaici, doka ta sari mai kare ta! Sai a 2007 kotun tarayya ta rushe hukuncin. Jihar Victoria ta Ostireliya ta kauce wa wannan rami a dokarta ta 2022: ta haramta tambarin Nazi, amma ta keɓe mabiya Hindu da Buddha da Jain, waɗanda suwastika ke nufin alheri a wurinsu dubban shekaru kafin a haifi Hitler, ta kuma bar wa malamai da masu bincike damar nuna ta domin ilimi.