Tarihin Tallafa wa Numfashi da Dare ga Masu Ƙuntatar Huhu

Tallafa wa numfashi da dare fanni ne na likitancin ƙirji da ya shafi mutanen da numfashinsu ke isarsu da rana, amma yake gazawa da zarar barci ya ɗauke su, har iskar oksijin ta ragu a jininsu, iskar kabon dayoksaid kuma, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, ta taru. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu ƙuntatar huhu, ma'ana waɗanda huhunsu ba ya buɗewa ya ɗauki iskar da ta kamata. Ƙuntatar takan zo ta fuska biyu. A ta farko huhun lafiyarsa ƙalau, abin da ke hura shi ne ya lalace, ko dai ƙashin baya ya karkace ya yi doro ya matse kogon ƙirji, ko tsokokin numfashi sun raunana saboda shan inna ko wata cutar jijiya, ko tsananin ƙiba ya danne ƙirjin. A ta biyu kuwa naman huhun ne ya yi tabo ya ƙandare, don haka oksijin ke wahalar ratsawa zuwa jini. Ƙirji tamkar zugazugin maƙeri yake, matsala ta farko ta hannun mai zuga ce da ya gaji, ta biyu kuma ta fatar zugazugin ce da ta bushe. Likitoci sun ɗauki shekaru da dama kafin su iya rarrabe waɗannan biyu yadda ya kamata, kuma jinkirin ya ci rayuka, domin abin da ke taimakon ɗaya yana iya cutar da ɗayan.

Na'urar farko da ta yaɗu ita ce wadda aka yi wa laƙabi da huhun ƙarfe. Tun a 1876 wani likita Bafaranshe, Eugène Woillez, ya ƙera irinta a Paris, amma ba ta karɓu ba. Sai a 1928 Philip Drinker da Louis Agassiz Shaw na Jami'ar Harvard a Amurka suka fito da wadda ke aiki da lantarki, aka fara gwada ta a asibitin yara na Boston a kan wata yarinya mai shekara takwas da shan inna ya shanye mata ƙirji. Ganga ce ta ƙarfe da ake shigar da majinyaci ciki, kansa kaɗai ke waje, injin yana zuƙe iskar cikin gangar don ƙirji ya buɗe iska ta shiga ta hanci da baki, sannan ya sake ta ƙirjin ya koma. John Emerson ya ƙera mai rahusa a 1931, Edward Both na Ostireliya ya yi ta katako a 1937, Lord Nuffield, attajirin masana'antar motoci a Ingila, ya ɗauki nauyin ƙera irin ta Both ya rarraba wa asibitocin daular Birtaniya kyauta. Daga baya aka sami ƙananan dangoginta, kamar sulken da ake ɗaurawa a ƙirji kaɗai, da gado mai lilo wanda ke sa kayan ciki su riƙa tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da ƙasa.

Annobar shan inna da ta afka wa birnin Kopenhagen na Denmak a 1952 ita ta sauya fahimtar likitoci gaba ɗaya. Asibitin Blegdam, inda ake kai masu cututtuka masu yaɗuwa, huhun ƙarfe ɗaya tak yake da shi da sulken ƙirji shida, alhali ana kawo marasa lafiya da dama kowace rana. Cikin mutum 31 na farko da cutar ta taɓa musu numfashi, 27 suka rasu. Gwajin jininsu yana nuna yawan kabon dayoksaid, amma likitocin suka fassara shi a matsayin wata rikicewar sinadaran jini da ba a san dalilinta ba, suka ɗauka ƙwayar cutar ce ta cinye ƙwaƙwalwa. Da shugaban asibitin, Henry Lassen, ya nemi shawarar Bjørn Ibsen, likitan sa barci a ɗakin tiyata, sai Ibsen ya nuna cewa mutanen ba sa shaƙa da fitar da isasshiyar iska ne kawai, kuma oksijin ɗin da ake ba su yana hana fatarsu sauya launi, yana ɓoye haɗarin, yayin da kabon dayoksaid ke ci gaba da taruwa har ya kashe su. A ranar 27 ga Agusta 1952 ya sa aka huda maƙogwaron wata yarinya mai shekara 12, aka saka bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannu yana tura mata iska, ta rayu. Saboda babu injinan da za su yi wannan aiki, sai aka ɗauko ɗaliban likitanci da na haƙori kimanin 1,500 suna karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakunkuna, mace-macen kuma suka sauko daga kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa kusan 40. Poul Astrup, shugaban ɗakin gwaje-gwajen asibitin, ya ƙirƙiro hanyar auna kabon dayoksaid a jini cikin sauri, Ibsen kuma ya buɗe sashen kulawa ta musamman a 1953. Darasin Kopenhagen shi ne ginshiƙin fannin har yau, wato ƙara wa mutum oksijin daban, yi masa numfashi daban, kuma abin takaici ne yadda aka riƙa mantawa da shi a shekarun da suka biyo baya.

Bayan fitowar rigakafin Jonas Salk a 1955 shan inna ya ja baya a Turai da Amurka, ya bar dubban mutane masu raunin ƙirji. Da yawansu sun iya barin na'ura da rana amma suna komawa cikinta da dare, kuma da su aka fara abin da yanzu ake kira tallafin numfashi a gida. Dalilin da ya sa dare ya fi haɗari ya fito fili sannu a hankali. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman a Chicago suka gano matakin barcin da idanu ke motsi da sauri, wanda a cikinsa ake yawan mafarki, daga baya kuma aka fahimci cewa a wannan mataki kusan dukkan tsokokin jiki sukan saki, har da na tsakanin haƙarƙari da na wuya, a bar tantanin ƙirji shi kaɗai da aikin. Mai lafiya ba ya ko sanin hakan ta faru, amma wanda tantaninsa ke da rauni, ko doro ya karkatar da shi, numfashinsa sai ya yi ƙasa. Idan haka ta daɗe, ƙoda takan riƙe sinadarin bikabonet don daidaita jini, ƙwaƙwalwa ta saba da yawan kabon dayoksaid ta daina farkar da mutum, daga nan matsalar ta tsallako zuwa rana. Alamominta su ne ciwon kai da safe, da gyangyaɗi, da kasala, da kumburin ƙafafu idan ɓangaren dama na zuciya ya fara gajiya. Edward Bergofsky da abokan aikinsa a New York sun yi cikakken bayanin wannan gazawa ga masu doro a 1959.

A daidai wannan lokaci maganin oksijin yana samun karɓuwa. Moran Campbell a Landan ya nuna a 1960 cewa ba da shi barkatai yana ƙara kabon dayoksaid ga wasu majinyata, ya fito da takunkumin fuska mai ƙayyade adadinsa. Manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ta Arewa a 1980 mai mutum 203, ɗaya a Birtaniya a 1981 mai mutum 87, sun tabbatar da cewa shaƙar oksijin na aƙalla awa 15 a rana yana tsawaita rayuwar masu ƙarancinsa mai tsanani. Sai dai duka gwaje-gwajen an yi su ne a kan masu cutar toshewar hanyoyin iska, irin wadda shan taba ke haddasawa, babu masu doro ko raunin tsoka a cikinsu. Duk da haka aka faɗaɗa hukuncin ya haɗa da su, musamman da na'urar da Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro a Japan a farkon shekarun 1970, wadda ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin, ta shiga ko'ina. Na'ura ce mai matuƙar amfani, amma ba ta ganin kabon dayoksaid, don haka likitan da ya ga lamba ta faɗi da dare yakan yi saurin rubuta oksijin, lambar ta gyaru, cutar kuma ta ci gaba a ɓoye.

Mafita ta zo daga wani ɓangare na daban. A 1981 Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostireliya ya wallafa sakamakon mutum biyar masu ɗaukewar numfashi a barci, cutar da maƙogwaro ke rufewa a cikinta tare da minshari mai ƙarfi, waɗanda ya warware musu matsalar ta hanyar hura iska mai matsi ɗaya ta hanci duk dare. Wannan ita ce CPAP, kuma aikinta tokare maƙogwaro ne don kada ya rufe, ba ta ɗauke wa tsoka nauyin numfashi. Muhimmancinta ga masu ƙuntatar huhu shi ne takunkumin hancin da ta kawo. Yves Rideau a Faransa ya haɗa irin wannan takunkumi da injin numfashi don yara masu cutar Duchenne, wata lalacewar tsoka ta gado da ke kama maza, a 1987 kuma rahotanni daga Ostireliya da Amurka suka nuna cewa tura iska ta hanci da dare yana gyara jinin majinyaci har da rana, ba tare da huda maƙogwaro ba. An kuma gano cewa huhun ƙarfe da sulken ƙirji suna da aibi a barci, domin zuƙar da suke yi takan rufe maƙogwaro. A 1990 Mark Sanders da Nancy Kern a Pittsburgh suka bayyana na'ura mai matsi biyu, babba lokacin shaƙa da ƙarami lokacin fitarwa, wadda kamfanin Respironics ya sayar da sunan BiPAP. Tazarar da ke tsakanin matsin biyu ita ce ke yi wa mutum numfashi, kuma ga masu raunin tsoka ana ƙara mata tsarin da zai ba da numfashi da kanta idan majinyaci ya jinkirta.

Hujjoji sun taru a shekarun 1990 da bayansu. Patrick Leger da Dominique Robert a Lyon, da Anita Simonds da Mark Elliott a asibitin Royal Brompton na Landan, sun bi diddigin ɗaruruwan majinyata suka ga cewa masu doro, da waɗanda suka tsira daga shan inna, da waɗanda tarin fuka ko tsohuwar tiyatarsa ta nakasa musu ƙirji, su suka fi kowa cin moriya, da yawansu har suka koma bakin aiki. A 1995 Peter Gay na asibitin Mayo a Amurka ya ba da rahoton masu raunin tsoka da kabon dayoksaid ɗinsu ya hau ƙwarai bayan an ba su oksijin ɗan kaɗan. Rijistar majinyata ta ƙasar Suwidin ta nuna a 2006 cewa masu doro da aka ɗora a kan injin numfashi sun fi waɗanda aka ba oksijin zalla daɗewa a raye. A shekarar 2006 ɗin kuma Stephen Bourke a Newcastle ya wallafa gwajin injin numfashi da ya yi kan mutum 41 masu cutar mutuwar jijiyoyin motsi, ya sami ƙarin kimanin kwana 205 na rayuwa ga waɗanda tsokokin haɗiyarsu ba su lalace sosai ba. Akwai kuma gargaɗi game da gaggawa, domin wani gwajin Faransa na 1994 da ya ɗora yara masu Duchenne a kan na'ura kafin su fara gazawa bai nuna amfani ba, mace-mace ma sun fi yawa a cikinsu.

Taron ƙwararru da aka wallafa matsayarsa a 1999 ya shimfiɗa ma'aunin da har yanzu ake dogara da shi a wurare da yawa. Ana fara tallafin dare idan majinyaci yana da alamomi, sannan matsin kabon dayoksaid a jininsa da rana ya kai 45 a ma'aunin milimita na zaiba, ko oksijin ɗinsa da dare ya sauka zuwa kashi 88 ko ƙasa na minti biyar a jere, ko kuma, a cututtukan tsoka masu ci gaba, iskar da yake iya hurawa ta gaza rabin abin da ake tsammani ga mai shekarunsa da tsayinsa. Zaɓin na'ura yana bin dalilin faɗuwar oksijin ɗin. Inda maƙogwaro ne ke rufewa CPAP ta wadatar, har ga da yawa daga masu ƙiba. Inda ƙirji ko tsoka suka gaza sai na'ura mai matsi biyu, a ƙara oksijin a kanta idan har lambar ba ta gyaru ba. Masu tabon huhu su ne aka fi bari a baya a wannan tarihi, domin galibinsu numfashi suke da sauri, kabon dayoksaid ɗinsu ba ya hawa sai cutar ta yi nisa, don haka oksijin ne ya dace da su, amma ƙa'idar awa 15 da Ƙungiyar Likitocin Ƙirji ta Amurka ta sake jaddada musu a 2020 aro ce daga gwaje-gwajen 1980 da 1981 da ba su shafe su ba.

Samun waɗannan na'urori bai taɓa zama daidai tsakanin ƙasashe ba. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai 16, aka wallafa a 2005, ya sami kimanin mutum 6.6 cikin kowane 100,000 suna amfani da injin numfashi a gida, Faransa kuma tana kan gaba da 17, saboda ƙungiyoyin kula da majinyata a gida da ta haɗa ƙarƙashin ANTADIR tun 1981. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar cututtukan da suka haifar da wannan fanni suna nan, domin ko da yake an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020, bayan an ga na ƙarshe a jihar Borno a 2016, waɗanda cutar ta nakasa suna raye suna manyanta, tarin fuka na ƙashin baya kuma har yanzu yana sa doro. Injin numfashi yana buƙatar wutar lantarki marar yankewa tsawon dare, da takunkumi da bututun da ake sauyawa lokaci zuwa lokaci, da ma'aikacin da ya iya saita shi, kuma a yawancin asibitocin yankin na'urar yatsa ta riga injin auna kabon dayoksaid isowa.